Kunyar da ta raba ni da shagona

Har yau idan na bi ta bakin ƙofar makaranta na hango kwantenar nan mai shuɗin fenti, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ni na zaɓi fentin, ni na raɗa sunan da ke rubuce a jikinta. Amma a idon doka ko ƙusa ɗaya ban taɓa mallaka a cikinta ba. Kuma ba da ƙarfi aka ƙwace min ba, da bakina na ce a bari.

Ina aji biyu yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya rutsa da mu. An tafi ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da Umma ta gaji da ganina a kwance ina danna waya, sai ta haɗa ni da wani maƙwabcinmu mai shagon fotokofi. A wurinsa na koyi ɗura tawada, da zaro takarda idan ta maƙale a inji, da ɗaurin kundi. A can ne kuma na hango kasuwa: in aka koma, zangon karatu zai matse, 'yan ajin ƙarshe duk za su so buga furojek a lokaci guda, shagunan da ke bakin makaranta kuwa ba za su wadatar da su ba.

Na kai wa abokina shawarar. Tun sakandare muke tare, a jami'a ma tukunyarmu ɗaya. Na kawo naira 280,000, dubu ɗari biyu kwasar adashen Umma ce, sauran kuɗin tumakina biyu ne da na sayar. Da su muka sayi injin fotokofi na hannu, da takardu daga kasuwar Sabon Gari, da kayan ɗauri. Kwamfutar tawa ce dama. Shi kuma ya ɗauko janareta daga gidansu, ya biya hayar kwantena ta shekara. Muka ce riba rabi da rabi. A baki muka faɗa, a kan benci, muna shan shayi.

Ciniki ya buɗe tun makon farko, wannan ba sai na tsaya ba da labarinsa ba. Kuɗi na shiga wani gwangwanin madara, bayan sallar isha'i mu juye mu ƙirga tare, na rubuta a littafi.

A watan Disamba wata ƙungiyar ɗalibai ta zo da aikin buga mujallarta da takardun taro. Aiki ne babba a wurinmu. Sharaɗinsu shi ne malamin da ke kula da su ba zai amince a tura kuɗi asusun mutum ba, sai asusu mai sunan kasuwanci, da rasit. Banki kuwa ba ya buɗe irin wannan asusu sai da takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji. Muka duba hanya biyu da ke gabanmu, rajistar sunan kasuwanci ko rajistar cikakken kamfani, muka ɗauki ta farko don ta fi sauƙi da arha. Ita ma tana karɓar sunan mutum fiye da ɗaya a matsayin masu mallaka, na san da haka sarai. Matsalar ita ce yadda aka rubuta sunana a NIN ya sha bamban da na sauran takarduna, gyara kuma zai ɗauki makonni, ga masu mujalla suna ta kira.

Sai abokina ya ce, "Aboki, bari na sa sunana kawai a wuce wurin, in ka gyara sai mu ƙara ka."

Na ce, "Haba, ai duk ɗaya ne."

Wallahi a daidai lokacin zuciyata ta raya min na ce mu rubuta wani abu, ko layi biyar ne a fallen takarda, mu sa hannu. Shagon takarda fa muke da shi, ga biro a aljihuna. Amma na kalli fuskarsa na ji nauyi. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya yi jinyata ina zazzaɓi ya sa min hannu a takarda? Na ga kamar zan ce masa ban yarda da kai ba. Na haɗiye maganar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mun yi kwas ɗin koyar da kasuwanci da ake wajabta wa kowane ɗalibi, kuma na ci shi da maki mai kyau. Malaminmu ya yi bayanin yarjejeniyar haɗin gwiwa, na haddace, na zuba masa a jarrabawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa maganar ta shafi ni da abokina ba. Na ɗauka ta manyan 'yan kasuwa ce waɗanda ba su san juna ba.

Sunana ya gyaru bayan kamar mako shida. Ban tayar da maganar ƙara ni ba. Kullum sai na ce gobe, sai na ce bari a gama jarrabawa, sai na ce ai shi zai tuna da kansa. Kunyar nan dai ce ta ranar farko, ta ƙara nauyi, domin yanzu in na yi magana zai zama kamar wani abu na gani.

Sai ga canjin kuɗi. An sa wa tsofaffin takardun naira wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Ɗalibin da zai buga shafi uku ma sai ya ce a ba shi lambar asusu. Gwangwaninmu ya bushe. Duk cinikin ya koma asusun shago, asusun kuwa sa hannun mutum ɗaya ke gare shi, saƙon shigar kuɗi kuma wayar mutum ɗaya yake zuwa. Ƙirgan bayan isha'i ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba. Na koma mai tambaya: "Nawa ya shigo yau?" Yau ya faɗa, gobe ya ce bai duba ba, jibi ni da kaina na ji tambayar ta yi min nauyi a baki. Littafin ma na daina rubutawa, tunda ban san abin da zan rubuta ba. Ko da tsabar kuɗi ta dawo, ɗalibai sun riga sun saba da turawa.

Zan yi masa adalci. Har gobe ban yarda cewa ya zauna ya ƙulla zai cuce ni ba. Abin da na fi zato shi ne kuɗin shago da nasa suka cakuɗe a hannunsa: ya sayi kati, ya biya kuɗin makaranta da niyyar zai mayar, ya ranta wa wani, har shi kansa ya kasa sanin ina aka kwana. Ni ma lokacin gwangwani na sha zarar ɗari biyar na ci abinci ban rubuta ba. Bambancin kawai, nawa a gabansa nake yi, nasa kuwa ba ni da hanyar gani.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500. Shagon da rabin aikinsa a kan janareta yake, mun fi wata guda ba mu ƙara farashin shafi ba, saboda ba mu taɓa zama mun lissafa nawa shafi ɗaya yake ci mana ba, tsakanin takarda da tawada da mai da haya. Ga bashin 'yan ajinmu, masu "in an turo min zan ba ka". Waɗannan duk asara ce, amma irin wadda ake gyarawa cikin mako guda in akwai littafi a buɗe a gaban mutum biyu.

Abin ya fashe ne bayan kakar furojek. Mun yi kwanaki muna kwana a kwantena, hannuna duk ya yi kanta da ɗauri. A lissafina ya kamata a ce akwai abin da zan mayar wa Umma ko rabin adashenta ne. Na tambaya, ya ce abin da ke asusu naira 61,000 ne. Na ce to mu je banki a fitar mana da bayanan asusun mu duba tare. Nan fuskarsa ta canza, ya ce, "Ɓarawo ka ɗauke ni ke nan?" Kalmar da na yi wata takwas ina gudun ji, ita na ji, kuma na ji ta a lokacin da ba ni da komai a hannu. Da na san zan ji ta ko ta yaya, ai gara na ji ta a Disamba a kan fallen takarda. Bayan kwana biyu yayansa ya zo shago, ya saurare ni har na gama, ya yi min tambaya ɗaya: "Sunan wa ke kan takardar rajista?"

Magana ta kai ga manya. Aka zauna a zauren mahaifinsa, ni da Kawu, shi da Alhaji. Kawu ɗan kasuwa ne, ya shekara fiye da talatin a Kantin Kwari. Kafin ya ce wa kowa komai sai ya juyo gare ni: "Ɗana, ina takardarku?" Na ce babu. "Ina shaidunku?" Na ce babu. Ya yi shiru, sannan ya karanto farkon aya ta 282 a Suratul Baƙara, ya ce ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga mutanen da suka fi mu imani da riƙon amana. Ya ce, "Su ba a ce musu kunya ta hana su ba, sai kai?" Na haddace ayar nan tun ina Islamiyya. Ban iya ɗaga kai ba.

Alhaji, Allah ya saka masa, bai fake da takardar rajista ba. Ya ce ya san da kuɗina aka sayi inji, ya yanke a mayar min da naira 190,000 kashi uku, na ɗauki kwamfutata. Riba kuwa ba a yi maganarta ba, domin babu mai iya nuna ta. Aikin wata goma ya tafi a haka, kuma uwar kuɗin ma ba ta dawo cif ba. Umma ba ta ce min komai ba sai "Allah ya mayar da alheri", abin da ya fi min zafi a kan a ce ta yi faɗa.

Na ɗauka inji ne babbar asarata. Sai da na tashi sake farawa na gane ashe layin waya ne. Lambar WhatsApp ɗin shago, wadda wakilan azuzuwa ke turo aiki a kanta, wadda ke jikin kowane rasit da kowace takardar talla da na liƙa a ɗakunan kwana, da NIN ɗinsa aka yi mata rajista, a rana ɗaya da waccan rajistar, kan dalili ɗaya. Ni ne na yi ta amsa saƙonni a kanta har ƙarfe ɗayan dare, ni ɗalibai suka sani, amma layin nasa ne. Inji ana sayen wani a Sabon Gari. Mutanen da ke cikin layin nan kuwa ɗaya bayan ɗaya na tara su.

Daga baya wani lauya da muke salla a masallaci ɗaya ya zaunar da ni ya warware min abin da ya kamata na nema tun farko. Sunan kasuwanci a doka ba wani abu ne dabam da mai shi ba, wanda sunansa ke kan takarda shi ne kasuwancin, riba tasa, bashi nasa. Kamfani kuwa yana tsaye da kansa, kuma hannun jarin kowa a rubuce yake. Ya ce dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo na biyu don cika sharaɗi ba. Ya ce ko a sunan kasuwancin ma, da sunayenmu biyu ne a kai, da mun gaya wa banki kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mu duka, da labarin ya bambanta. Na tambaye shi, da mun rubuta a fallen takarda kawai fa? Ya ce da shaidu biyu, da ka shiga zauren nan da abin riƙewa.

Don haka ɗalibin da ya zo min da zancen zai haɗa jari da abokinsa, ba na tambayarsa tsarin kasuwanci ko yawan jari. Ina tambayarsa sunan wa ke kan rajista, wa ke ganin shigar kuɗi, layin wayar na wane ne. In ya ce min "ai mun yarda da juna", raina ɓaci yake yi, domin muryata nake ji. In takardunka ba su daidaita ba, ka bar kwangilar ta wuce, ka gyara. Mujallar nan da muka yi wa gaggawa ribarta ba ta kai dubu arba'in ba.

A 2024 na sake buɗewa a wani lungu da ba ya kan hanya, da ƙaramin inji, rajista da sunana. Da na ɗauki wani ɗan aji ɗaya zai riƙa tsare min shago a kan kaso, na buga takarda shafi biyu: abin da kowa ya kawo, kason kowa, ranar lissafi duk Juma'a da yamma, haddin bashin da za a iya bayarwa, da yadda za a rabu in an tashi rabuwa. Da na miƙa masa ya dube ni ya ce, "Yaya, har sai mun yi haka?" Na ji nauyin nan na Disamba ya taso min daidai yadda yake, bai ragu ba ko kaɗan. Na ce masa e, sai mun yi, na kira Kawu da mai shayin kusa da mu suka sa hannu.

Ni da abokina muna gaisawa in mun haɗu, ba ma wuce gaisuwa. A makon jiya wata ɗaliba ta shigo tana faɗa, wai ta turo min furojek ɗinta tun shekaranjiya ban buga ba. Na ce ta nuna min lambar da ta tura wa. Ta juyo min da wayar, na ga tsohon layin ne, kuma da sunana ta ajiye shi.