Ba ƙarin gudu ne ke ƙona kwamfuta ba, Alhaji

Ranar Talatar da ta wuce wani bawan Allah ya shigo shagona rungume da kwamfutar tebur, yaronsa na biye da shi da wayoyi cikin leda. Sana'arsa haɗa bidiyon biki da na wa'azi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Injiniya, duba min wannan, tana kashe kanta in aiki ya yi nisa. Amma don girman Allah kar ka yi mata wannan abin naku na ƙarin gudu, shi ya ƙona ta abokina." Na ce, "Alhaji, zauna tukuna ka sha ruwa." Na kwance murfin gefe a gabansa. Ƙura ta yi kauri tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar an shimfiɗa bargo. Na ɗaga ƙarfen, man da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Afrilu. Fawa fak ɗin kuwa, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, an rubuta wat 650 a jikinsa, amma da yatsu biyu na ɗaga shi. Wannan kwamfuta babu wanda ya taɓa ƙara mata ko ɗigon gudu, kuma da na kunna na ba ta aiki, cikin minti uku zafinta ya haura digiri 95.

Shekaruna goma sha da yawa ina haɗa kwamfutoci da gyaransu a Kano, kuma babu aikin da aka ɓata wa suna a wannan sana'a kamar obakulokin, wato ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Wani yana ɗaukarsa kamar satar wutar lantarki. Wani ya ce algus ne. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko ya halatta.

Abin ba tsafi ba ne, lissafi ne na ɗan firamare. A kwamfutocin yanzu akwai bugun tushe na MHz 100 (MHz 1000 ne GHz ɗaya), akwai kuma lambar ninki. Furosesan da aka rubuta wa GHz 3.3, lambar ninkinsa 33 ce. In ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka mayar da ita 42, ya koma GHz 4.2. Shi ke nan. Abin da ke buƙatar ƙwarewa shi ne wutar da za ka ba shi don ya riƙe wannan gudun, da yadda za ka fitar da zafin da zai biyo baya. Zafi yana tashi daidai da gudu, amma da ƙarfin wuta ninki yake tashi a kan ninki, shi ya sa ɗan ƙari kaɗan a wuta yake dafa furosesa fiye da babban ƙari a gudu. Duk wanda bai san wannan ba, bai kamata ya taɓa BIOS ɗin kowa ba.

Kuma me ya sa ake samun wannan rarar gudun tun farko? Kamfani yana yanka furosesoshi da yawa daga faifan siliki guda, ba sa fitowa daidai da juna, kamar 'ya'yan mangwaron bishiya ɗaya. Sai a gwada a rarraba, a rubuta wa kowane rukuni gudun da aka tabbata zai jure ko a hannun wa ya faɗa, ko da a ɗaki mai zafi da fanka mai araha. Wani furosesan iyakarsa ke nan. Wani kuma yana da sauran ƙarfi a ɓoye. Sa'a ce, ba ka sani sai ka gwada.

Masu cewa kamfani ya hana, su duba da kyau. Harafin K da ke ƙarshen sunan wasu furosesoshin Intel, irin su i5-2500K da ya fito a 2011, ma'anarsa an bar lambar ninki a buɗe, kuma kuɗi ake ƙarawa a kan wannan. A 2014 sun fitar da Pentium G3258 a buɗe don murnar cikar sunan Pentium shekara 20. AMD kuwa da Ryzen ya zo a 2017, a buɗe suka bar na tebur, har da manhajarsu ta Ryzen Master don wannan aikin; Intel ma suna da tasu, XTU. Ban da haka, kwamfutarka tana yi wa kanta ƙarin gudu kullum ba tare da ta nemi izininka ba: Turbo Boost ke nan, yana nan tun 2008. Wanda ya kunna saitin XMP a BIOS don ram ɗinsa, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ya yi gudun da aka rubuta a kwali, shi ma ƙarin gudu ya yi, bai dai sani ba.

Amma ba zan ce mummunan sunan daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1990 akwai 'yan damfara a kasuwannin duniya da ke goge rubutun jikin Pentium mai ƙaramin gudu, su buga masa babbar lamba, su sayar da tsada. Wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ta fara kulle lambar ninki. Jikokin waɗannan mutane suna nan tare da mu a kasuwa. Sai dai na yanzu ko wahalar goge rubutu ba sa yi: su shiga cikin Windows su canja sunan da ke fitowa a allo, i3 ya wayi gari yana amsa sunan i7, su sayar wa ɗalibi ko malamin makaranta. In asiri ya tonu sai su ce "ai obakulokin aka yi mata." Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙarin gudu ba ya canja suna, ba ya ƙara yawan ƙwayoyin furosesa. Ka sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, ta gaya maka gaskiya cikin daƙiƙa biyar. Duk wanda ya sayi kwamfuta a hannuna, a gabansa nake buɗe ta kafin ya ƙirga kuɗi.

Ni a hannun maigidana na koyi wannan aikin, Allah ya ƙara masa lafiya, lokacin ina yaron shago, aikina shara da busa ƙura da sayo abinci. Shi ɗan zamanin Celeron 300A ne na 1998, wanda ake ɗaga shi daga MHz 300 zuwa 450 da canja bugun tushe daga 66 zuwa 100, kuma ba ya gajiya da ba da labarinsa. Nawa zamanin na Core 2 Quad Q6600 ne. Ina tuna wata rana da yamma an ɗauke wuta, janareta na ruri a bayan shago, ya kira ni ya ce, "Zo nan ka ga wani abu." Ya kifa furosesan a tafin hannunsa, ya yanko ɗan selotef da reza, ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ya ɗauka da tsinken allura ya rufe ɗigo ɗaya tak cikin ɗaruruwan ɗigon zinaren da ke bayansa. Ya mayar ya kunna. Abin da yake GHz 2.4 ya fito GHz 3.0. Wannan ɗigon ne ke gaya wa madabod, babban faifan da ake dasa komai a kansa, bugun da zai bayar, da aka rufe shi sai 266 ya koma 333, tara sau 333 kuwa kowa ya san amsarsa. Na yi tsalle zan je in gaya wa yaran maƙwabta. Ya ce, "Dawo ka zauna. Ba ta ci jarrabawa ba tukuna." Sai da ta kwana tana gwaji kafin ya yarda a kira mai ita.

Ban ji wannan darasin da kyau ba sai da na yi ɓarna. Wata rana ba ya nan, na samu wata kwamfutar gwaji ta shago na dinga ƙara mata wuta ina jin daɗin lambobi suna hawa. Sai na ji tas, sai ƙauri. Abin mamaki furosesan bai yi komai ba, ya yi shekaru bayan nan yana aiki. Fawa fak ne ya fashe, ya tafi da madabod. Maigida bai daka min tsawa ba. Ya sa na kwance mataccen fawa fak ɗin, ya ajiye wani na kirki kusa da shi, ya ce in ɗaga kowanne. Ɗaya kamar gwangwanin madara da aka shanye, ɗaya kamar bulo. Kuɗin madabod kuma a hankali aka cire daga ɗan abin da yake ba ni.

Shi ya sa har gobe fawa fak nake fara dubawa, kuma a nan muke samun saɓani da masu ciniki. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa a furosesa da katin hoto ko gezau, in aka zo fawa fak sai ya fara, "Haba Injiniya, ai duk wuta ce, sa min na araha." Wallahi ba duk wuta ba ce. Ga wutarmu da ke rawa, yanzu ta yi ƙasa anjima ta yi sama, ga canji daga layi zuwa janareta sau huɗu a yini. Masu kawo kayan ma sai ka sa ido. Na sha yin odar katan daga Legas, na sama biyu su zo da nauyinsu, na ƙasa kwali ne mai kyau da gwangwani a ciki. Yanzu sikeli na ajiye a shago, kowanne sai ya hau kafin in biya.

In kwamfuta ta zo ƙarin gudu, kwana biyu take yi a wurina, ba na ragi. Da farko wanka: a busa ƙura, a goge tsohon mai da sinadarin goge-goge har saman furosesa ya yi ƙyalli, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure ƙarfen sanyaya kusurwa da kusurwa don ya zauna daidai. Sannan in auna ta yadda take, in rubuta zafi da makin manhajar awon gudu ta Cinebench a littafi. Daga nan taki ɗaya-ɗaya: ƙara lamba guda, gwada, ƙara guda, gwada. In ta nuna shuɗin allo, alamar ta kasa jurewa, in ƙara wuta ɗan mitsitsi ko in ja baya. Ba na barin wutar a kan saitin da madabod ke zaɓa da kansa, don yawanci hannunsa a sake yake, yana zuba fiye da buƙata. In na samu inda ta tsaya, sai in sauko taki ɗaya ƙasa da nan, wannan rarar ta mai kwamfuta ce. Sai manhajojin gwaji: Prime95 na sa'o'i saboda furosesa, sai MemTest86 saboda ram, sai kuma ainihin aikin mutumin, in bidiyo ne in sa ta fitar da bidiyo mai tsawo.

Wani abu da nake yi wanda ba za ka gani a wurin Turawan da ke koyarwa a intanet ba: gwajin ƙarshe da rana tsaka nake yinsa, fankar silin a kashe. Su ɗakinsu digiri 20 da ɗoriya ne. Mu a Afrilu da Mayu muna haura 40. Saitin da ya zauna lafiya da sanyin hunturu zai iya tona maka asiri da bazara. Ni dai in ta wuce 80 da ɗan kai a wannan gwajin, ragewa nake.

Maganar "zai kama da wuta" ma ta tsufa. Furosesan yanzu in ya kusa iyakarsa, wajen digiri 100 a yawancin na Intel, 95 a yawancin Ryzen, da kansa yake rage gudu, in abin ya ƙi ya kashe kwamfutar. In saiti ya yi yawa ta ƙi tashi, a cire ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, a jira kaɗan a mayar, komai ya koma yadda yake. Waɗanda kuke gani suna zuba ruwa mai hayaƙi a kan furosesa 'yan gasa ne. A ƙarshen 2022 sun haura GHz 9 da i9-13900K ta amfani da ruwan iskar hiliyam. Wannan sukuwar sallah ce, ba ta da alaƙa da dokin da ke kai ka gona.

Akwai inda masu tsoro suke da gaskiya, ba na ɓoyewa. Wuta mai yawa tsawon lokaci tana cinye furosesa a hankali, har ya zo ya kasa riƙe gudun da yake riƙewa a da. Garanti ma yana faɗuwa. Intel ta taɓa sayar da wani tsarin kariya na musamman ga masu ƙarin gudu, ta daina a 2021. Sai dai mu da yawancin kayanmu na hannu ne, wane garanti? Lantarki kuma za ta ɗan ƙara sha, mai sola da inbata ya sani. Laftof ba na taɓawa ko nawa za a ba ni, ba ta da wurin fitar da zafi. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika kasuwa, BIOS ɗinsu a kulle yake, duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce ya ƙara wa irinsu gudu, ka tambaye shi ta ina. Sababbin furosesoshi kuma kamfani ya riga ya tatse su kusan ƙarshe, ribar kaɗan ce. A kansu abin da na fi yi shi ne rage wuta, su yi gudunsu na asali da ƙarancin zafi. Inda aikin yake da riba sosai shi ne tsofaffin masu K da Ryzen na farko, a hannun wanda ba shi da kuɗin sabuwa yanzu.

Ta Alhaji kuwa i5-2500K ce a kan madabod mai Z77, irin da ke karɓar ƙarin gudu, wato an haife ta don wannan aikin, shekara da shekaru tana tafiya da ƙafa ɗaya. Na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce, "To ta abokin nawa fa?" Na ce ya kawo ta in gani. Washegari suka zo tare. Fawa fak ne, irin mai nauyin gwangwani, wani yaro a kasuwa ya ƙara wa furosesan wuta ya karɓi kuɗi cikin minti goma. Na zare furosesan na sa a madabod ɗin gwaji, ya tashi garau.

Alhaji ya yarda a yi, bayan mun kai ruwa rana a kan kuɗin fawa fak da babbar fanka, har sai da na ɗora masa tsohon da sabon a hannu kamar yadda aka yi min. Yanzu haka tana kan teburin baya a GHz 4.4, tun jiya take gwaji, zafinta bai wuce 76 ba. Ya kira sau uku yau yana tambaya ko ta gama, wai akwai bikin da zai miƙa ranar Asabar. Na ce masa gobe bayan azahar, in ta wuce gwajin rana.