Yini guda a Rothenburg

Jama'a, sanyi iri-iri ne. Jiya na yini a Rothenburg, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Bavariya ta Jamus, safa biyu a ƙafata amma yatsu sun ƙandare.

Da ganuwa na fara. Ana hawa a yi tafiya a kanta ƙarƙashin rufin katako, ana hango jajayen rufunan gidaje da ƙanƙara ta lulluɓe. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, a Maris 1945, sun rusa wani sashe na garin, shi ya sa a jikin bango za ka ga sunayen waɗanda suka ba da gudunmawar gyara, har daga Japan.

Gidan tarihin shari'a da horo ne ya cinye min lokaci. Akwai kejin da a zamanin da ake tsoma mai gasa burodi cikin ruwa idan ya tauye awo, da fuskokin ƙarfe na kunyata masu tsegumi. Na daɗe a gabansu ina dariya, wallahi na tuna mutane.

Abinci kuwa sai da lura saboda naman alade. Miyar dankali na sha da burodi, na ɗora da Schneeball, soyayyen fulawa mai barbaɗin sukari. Gaskiya kyan gani ya fi ɗanɗano.

Kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa, na nufi tashar jirgi.