Salular da aka ce ta mutu

Jiya da la'asar wani ɗan kabu-kabu daga Zango ya kawo mini salularsa a rumfata, nan kusa da kasuwar Dole. Ba ta kamawa, ba ta nuna caji, fuskarta baƙi ƙirin. Ya ce, "Maigida, wuri biyu na kai ta, duk sun ce ta mutu."

Na jona ta da kwamfuta, idona a kan Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin da aka jona. Wani suna ya leƙo da alamar rawaya, kafin ƙiftawa da bismillah ya ɓace. Nan na san da sauran ranta.

Wannan leƙowar ce nake fama da yaran shagona su riƙa lura da ita. Kafin Android ya tashi, akwai 'yar manhaja da ke fara farkawa. A injin MediaTek, wato ƙwaƙwalwar salula ta kamfanin MediaTek, wanda ke cikin yawancin Tecno da Infinix da muke gani a Damagaram, sunanta preloader. Ƙarƙashinta kuma akwai BROM, wanda ke tashin ita preloader ɗin, shi a jikin injin aka dasa shi tun daga masana'anta, ba ya goguwa. Preloader 'yan daƙiƙu kawai take buɗe wa kwamfuta ƙofa, ita ce sunan nan da ya leƙo ya ɓace. In babu direban VCOM a kwamfutarka, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane salular, ko pilot yadda 'yan boko ke faɗi, SP Flash Tool, manhajar da muke sake zuba wa salula Android da ita, zai yi ta jira har magariba. Windows 10 ma ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu, sai ka kashe wannan tsaron tukuna. Kuma a SP Flash Tool Download ake fara dannawa, sannan a jona salular a kashe.

Salula mai injin Qualcomm hanyarta daban, EDL ake shiga, wato ƙofarta ta gaggawa ta zuba manhaja. Wani lokaci sai an buɗe baya, an haɗa ɗigo biyu da hantsaki, sannan suna mai lamba 9008 ya fito a Device Manager.

Abu guda nake roƙon 'yan'uwa masu gyara, don Allah ku bar gaggawar zaɓen Format All, mai goge komai, a SP Flash Tool. Ina sabon koyo na yi wa wata dattijuwa haka, lambar IMEI, wato lambar shaidar salular, ta tafi, layinta ya daina kamawa. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Ta ɗan kabu-kabun dai, na sa direba, na nemo fayil ɗin da ya dace da lambarta daidai, na bar ta a Download Only, wato zubawa kawai, na cire alama daga ɓangaren ajiyarsa don kada bayanansa su goge. Jan layin da ke nuna tafiyar aikin ya wuce, rawaya ya biyo baya a hankali. Kafin a kira magariba ta kawo haske, yana tsaye a kaina yana duba ko lambobin fasinjojinsa na nan.