Injin Busar da Tufafi Mai Gas: Idan Yana Juyawa Amma Ba Ya Ɗumi

Ƙorafin da aka fi ji game da injin busar da tufafi mai amfani da gas shi ne yana juyawa kamar lafiyarsa ƙalau, amma idan aka buɗe ƙofarsa sai a tarar da kaya a jiƙe kuma da sanyinsu. Ana samun irin wannan inji a gidaje da dama na Amurka da Kanada, inda ake jawo gas ta bututu har cikin gida, kuma 'yan uwanmu da yawa da ke zaune a can sun tarar da shi ne a gidan haya ko a gidan da suka saya, ba tare da wani ya taɓa yi musu bayanin yadda yake aiki ba. Da zarar ya daina ɗumi sai mutum ya ɗora wa gas laifi, ya tsorata, har ya fara tunanin sayen sabo. Alhali kuwa sau da yawa gas ɗin ba shi da laifin komai, iska ce ta rasa hanyar fita.

Injin yana amfani da abubuwa biyu ne a lokaci ɗaya. Wutar lantarki mai ƙarfin volt 120 ita ke juya gangar da ake zuba kaya a ciki ta hanyar bel, ita kuma ke juya fankar da ke jan iska, gas kuwa aikinsa ba da zafi kawai. Fankar tana janyo iskar ɗaki, ta bi da ita ta kan harshen wuta, ta shigar da ita cikin gangar inda za ta kwashi danshin tufafi, sannan ta ratsa ragar da ke tace burbushin zare, ta fice waje ta wani bututu mai faɗin inci 4. Duk abin da ya ƙuntata wannan hanya, zafi zai taru a ciki, danshi ya ƙi fita, su kuma na'urorin kariya su yi ta kashe wutar tun kafin kaya su bushe.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya fara da kwance injin kafin ya duba bututun. A kunna injin, a fita waje zuwa bakin bututun, a sa hannu a ji. Idan iskar tana fitowa da ƙarfi har tana ɗaga murfin, hanya a buɗe take; idan kuwa da ƙyar ake jin ta, to an gano inda matsalar take. A gidan da nake zaune na taɓa cire bututun daga bayan injin na tarar da burbushin zare ya dunƙule a lanƙwasar farko, ya jiƙe ya yi tauri kamar audugar tsohuwar katifa, ramin da ya rage wa iska bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Wannan ba batun jinkirin bushewa ba ne kawai. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 ana samun gobara kusan 2,900 a gidaje kowace shekara sanadiyyar injinan busar da tufafi, kuma babban dalilin, wanda ya kai kashi 34 cikin ɗari, shi ne rashin tsaftacewa. Dokar gine-gine da yawancin jihohin ƙasar ke bi ta ce bututun ya zama na ƙarfe mai santsin ciki, kada tsawonsa ya wuce ƙafa 35, kuma duk lanƙwasa mai kusurwar digiri 90 ana rage ƙafa 5 daga wannan adadi. Bututun roba mai lanƙwashewa da wasu ke sakawa don arha, a wurina, ba abin da za a bari a cikin gida ba ne ko da na kwana ɗaya.

Toshewar bututu ita ce kuma ke ƙona ɗan ƙaramin fiyus ɗin zafi da ke manne a jikin gidan fankar. Shi wannan fiyus sau ɗaya yake aiki, idan ya ƙone sai dai a sauya shi. A wasu injinan ƙonewarsa kan hana injin tashi gaba ɗaya, a wasu kuma injin zai ci gaba da juyawa amma babu wuta. Wanda ya sauya shi bai share bututun ba, zai sake sayen wani ba da jimawa ba. Wanda kuma ya haɗe wayoyinsa don ya tsallake shi, ya cire abin da ke tsakanin gidansa da gobara.

Idan iska na fita yadda ya kamata amma har yanzu babu zafi, sai a koma ga wurin kunna wuta, kuma a nan ido ya fi komai amfani. Injina da yawa suna da ɗan rami a ƙasan gaba da ake leƙa wutar ta ciki, wasu kuma sai an cire murfin ƙasa. Tsarin kunnawar yana tafiya ne daki-daki. Da farko makunnin, wato wata 'yar sanda da lantarki ke gasawa, zai yi ja wur. Kusa da shi akwai sensa mai jin zafi, wadda idan ta ji zafin ya kai sai ta yanke wa makunnin wuta, a daidai lokacin kuma koyil-koyil ɗin da ke kan bawul, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke buɗe mashigar gas da ƙarfin lantarki, su buɗe wa gas hanya, za ma a ji ɗan sautin ƙas, sai gas ɗin ya kama da ragowar zafin sandar. Wanda ya san wannan jeri, kallon minti ɗaya ya ishe shi ya gane inda aka tsaya. Idan sandar ba ta yi ja ba sam, ko dai ta tsage, ko fiyus ya ƙone, ko ɗaya daga cikin na'urorin daidaita zafi ta lalace, kuma mita mai auna wucewar lantarki za ta bambance su. Idan ta yi ja ta ci gaba da ja ba ta mutu ba, wuta kuma ba ta kama ba, sensar ce ta maƙale. Idan ta yi ja ta mutu amma gas bai fito ba, a fara tabbatar da cewa famfon gas na bayan injin a buɗe yake, bayan haka zargi ya koma kan koyil.

Matsalar koyil ita ce ta fi ruɗa mutane, domin idan suka fara rauni suna aiki ne lokacin da suke da sanyi, su gaza bayan sun ɗumama. Wuta za ta kama a farkon aiki, mutum ya taɓa ƙofa ya ji ɗumi ya tafi harkarsa, amma a zagaye na gaba bawul ya ƙi buɗewa, sauran lokacin duka injin iska mai sanyi yake hurawa. Ana sayar da koyil-koyil ɗin ne tare, ba su da tsada, kuma sauya su ba ya buƙatar a kwance bututun gas.

Sauran matsalolin ba su da wuyar ganewa. Idan ana jin ƙarar inji amma gangar ba ta juyawa, yawanci bel ne ya tsinke. Idan bai motsa ba ko kaɗan, a duba soket da ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa idan an rufe ta. Kafin a taɓa kowane sashe na ciki, a zare filogi a kuma rufe gas.

Akwai inda mai gida ya kamata ya tsaya. Idan aka ji warin gas, kada a kunna ko a kashe wani abin lantarki, a fita daga gidan a kira kamfanin gas daga waje. Mahaɗar bututun gas ana gwada ko tana yoyo ne da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Harshen wutar kuma ya kamata ya zama shuɗi. Idan ya koma rawaya yana baƙin hayaƙi, gas ɗin ba ya ƙonewa sosai, kuma hakan na haifar da iskar kabon monoksaid mai kisa, wadda ba ta da wari ko launi. Saboda haka ba a sakin bututun fitar iskar wannan inji a cikin ɗaki, kuma gidan da yake da shi yana buƙatar na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska.

Masu sayen irin wannan inji na gwanjo daga Amurka don amfani a Najeriya ko Nijar suna da ƙarin abin lura. Yawancinsu an saita su ne don gas ɗin bututu, alhali namu na silinda ne, wanda zafin da ke cikinsa ya ninka na bututu fiye da sau biyu a ma'auni ɗaya. Idan aka haɗa shi kai tsaye, wutar za ta yi girma fiye da kima, ta yi hayaƙi, ta iya lalata injin ko ta tayar da gobara. Dole ne ƙwararre ya sauya ɗan bakin da gas ke fitowa ta cikinsa zuwa mai ƙaramin rami, ya kuma gyara saitin bawul da kayan da kamfanin injin ya tanada. Gas na silinda ya fi iska nauyi, idan ya zurara a ƙasa yake kwanciya, don haka ɗakin yana buƙatar mashigar iska ta ƙasa. Wutarmu kuma ta kusan volt 230 ce, sai an sa tiransifoma mai rage ta zuwa 120 wadda za ta iya ɗaukar nauyin injin, kuma da yake tamu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, tasu 60, gangar da fankar za su ɗan rage gudu, abin da ke sa tsaftar bututun ta ƙara zama wajibi.