Posole ɗin da na iya ci

Watanmu huɗu da sauka a Albuquerque, jihar New Mexico ta Amurka, maigida kullum yana jami'a ni kuma ina gida da yarinya, ba wanda na sani, sai wata dattijuwa da ƙofarmu ke kallon tata, Mama nake ce mata ita kuma ta ce min 'yata. Daren Kirsimeti ta ƙwanƙwasa da kwano a hannu yana tururi, wai posole ne, romon masara da barkono, abincin da kowane gida ke dafawa a wannan daren. Ƙamshin barkono ya cika falon. Na tambayi abin da ke ciki ta ce naman alade. Wallahi har yau ina jin nauyin yadda na mayar mata da kwanon nan, a Zariya wa zai mayar wa maƙwabciya da abinci? Ranar ban yi barcin kirki ba.

Bayan kwana biyu sai ga ta kuma, ta ce 'yata taso, jikata ma ba ta cin komai da ya fito daga jikin dabba, ko madara ko ƙwai, na sabuwar shekara tare za mu dafa ba nama.

Masarar ce ta fara ba ni mamaki. Manyan ƙwayoyi farare, an riga an dafa su da ruwan farar ƙasa da suke kira kal, ɓawon ya saɓule sannan aka busar. Ta ce kakanninsu da toka suke yi tun kafin zuwan Turawan Sifen, kuma hakan ne ke fito da sinadarin nayasin da ke cikin masara har jiki ya amfana. Da na ji toka sai na tuna kakata tana tace ruwan toka a ƙwarya don miya, nan take na ji kicin ɗin ya daina yi min baƙo. Mun jiƙa ta tun dare, da safe muka ɗora, sai da ta kusa awa uku kafin ƙwayoyin su buɗe kamar furen auduga, don garin yana tudu ne wajen mita 1,600, ruwa na tafasa a kusan digiri 95 maimakon 100, sai abinci ya daɗe bai nuna ba, shi ya sa ma wakena ya ƙi nuna tunda na zo ni kuma ina ta ɗora wa tukunya laifi.

Jan barkono ta ciro daga igiyar da ke rataye a ƙofarta, ristira suke ce mata, na garin Hatch ne, dogaye, ba su da yajin attaruhu sai zaƙi-zaƙi da ƙamshi. A cire kai da 'ya'yan, a ɗan gasa, a jiƙa a ruwan zafi, a markaɗa da tafarnuwa a tace. Na farkon da ta ba ni na bari ya ƙone, ta ce zubar, ɗaci zai yi. Muka soya albasa da naman kaza, wannan tsiron fa ba kajin gida ba, muka zuba waken pinto da ganyen oregano.

Da na ɗanɗana romon sai na ji bai zauna ba, akwai abin da ƙashi ke ba miya wanda babu. Na ruga gida na ɗauko daddawar da Ummana ta cusa min a akwati. Mama ta shinshina ta ɗan ja baya, na ce Mama ki bar ni da ita, kalwa ce kawai ba komai na dabba, na daka guda ɗaya na zuba. Bayan minti ashirin ta ɗiba a cokali, ta yi shiru, ta sake ɗiba.

Mu tara muka zauna a tebur, kowa na barbaɗa yankakken kabeji da ɗanyar albasa yana matsa lemun tsami, yarinyata na kan cinyar jikar tana tsintar masara da hannu. Da za mu tafi Mama ta riƙe hannuna ta ce in bar mata guda biyu na abin nan mai wari.