Yadda Sikila Ke Bin Jini a Cikin Zuri'a

Ɗiyar ƙanwata tana da wata takwas a duniya lokacin da hannuwanta da ƙafafuwanta suka kumbura, ta kwana tana kuka, dangi kuma suka yi ta cewa sanyi ne ko kambun baka. Gwajin asibiti ne ya nuna cewa sikila ce, alhali iyayenta biyu lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya rikita mu shi ne yadda lafiyayyu za su haifi mai ciwo. Kowane mutum yana gadar ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, wadda ke tsara sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. Mai AS yana da lafiyayya ɗaya da mai lahani ɗaya, shi ya sa ba ya jin komai, har ma yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda hakan ne ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashenmu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ɗan da ya gaji mai lahani daga uwa da kuma uba, wanda shi ne mai sikila, kuma lissafin yana sabuntuwa a kowace haihuwa. Ba a cewa an riga an haifi ɗaya, sauran ukun sun tsira.

A jikin mai SS jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, ƙanwata kuwa auren zumunci ta yi tun kafin nan.