Ƙanƙarar Oukaimeden da rigimarta da kyamara

Jama'a, masu tambaya wai hotunan nan daga Turai na ɗauko su, a'a wallahi, Maroko ce. Oukaimeden ke nan, a kan tsaunukan Atlas, tafiyar kusan kilomita 75 daga Marakesh. Ka bar gari da rigar shan iska, kafin azahar kana sama da mita 2,600 haƙoranka na kaɗawa.

Zamiya a kan ƙanƙara dai ina taɓawa, amma aikin da ya kai ni shi ne hoto, kuma dusar nan ba ta shiri da kyamara. Farinta yana ruɗar ma'aunin haske, sai hoton ya fito toka-toka, dole ka ƙara haske da hannunka. Batir kuwa sanyi ke shanye shi, shi ya sa nake ɓoye na ajiya a aljihun ciki, jikina na ɗumama shi. In za ka shiga ɗakin shan shayi, bar kyamarar cikin jaka ta ɗumama tukuna, in ba haka ba gilashin ya yi raɓa.

Hoton da na fi so ma ba na masu zamiya ba ne. Wani dattijo ne da jallabiyar ulu, yana jan alfadari ɗauke da allunan zamiyar baƙi, tururi na fita daga hancin dabbar.

Gobe kuma ina Jemaa el-Fna, babban dandalin Marakesh, da magariba, lokacin da hayaƙin masu gashi ke tashi. Mai son zuwa ya yi magana.